Gara Ce Kaɗai Ta Karanta Furojet Ɗinka

Ku matso kusa, 'yan ajin ƙarshe, har da ku da kuka gama bautar ƙasa kuna gadin bencin mai shayi. Tambaya ɗaya gare ni, kuma kada in ga wani ya sunkuya yana latsa waya. Furojet ɗin nan da ka yi wata shida kana rama a kansa, wanda sai da aka sayar da akuyar Inna aka buga shi kwafi huɗu, aka yi masa baƙin bango da rubutun ruwan zinare, mutum nawa ne suka karanta shi?

Ka ce uku? Bari mu ƙirga. Malamin da ya duba ka ya karanta babi na ɗaya da na biyar, na tsakiya kuwa addu'a ya tofa musu. Baƙon malamin da aka ɗauko daga wata jami'a ya ɗora shi a tafin hannu, ya ji nauyi, ya ce madalla. Kai kanka, tsakaninka da Allah, babi na biyu rubuta shi ka yi ko kwafo shi? To saura wa? Saura gara.

Kada ku ce gori nake muku, ni ma ɗan gidan ne. Nawa furojet a kan iyaye mata ne na wata unguwa, dalilin da ya sa suke kai jariri allurar rigakafi ta farko amma ba sa komawa ta biyu da ta uku. Na sha rana, na sha kunu a zaurukan mutane, na sha harara daga magidanta. Bayan shekara tara na koma sashenmu neman wata takarda, masinja ya buɗe mini sito, sai ga shi a ƙasan wani tarin kujeru masu ƙafa uku. Gara ta cinye babi na huɗu kakaf, wato duk abin da matan nan suka gaya mini. Shafin godiya ne kawai ta bari, inda na gode wa kawuna da bai ba ni ko sisi ba. Ashe har gara ta san inda romon yake.

Abin da nake so in jawo ku gare shi ke nan yau, ku masu karatun likita da jinya da ungozoma da shari'a da halayyar zaman jama'a, har da 'yan sashen Hausa da ke can baya suna ganin ba da su ake ba. Akwai mujallun ilimi da ke karɓar rubutun ɗalibi a kan rayuwar ƙananan yara da haƙƙoƙinsu, kuma ƙofarsu ba ta da kwaɗo. Na ga har wani ya fara taɓe baki. Taɓe, ƙanena, zan zo kanka. Amma kafin wasa ya yi nisa, ku ɗan saurari wannan ba da dariya ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba sa kai shekara biyar. A Arewa maso Yamma adadin 187 ne. A Kebbi 252, wato kusan ɗaya cikin huɗu, alhali a Ogun 30 ne. Binciken da ya biyo baya, na 2023 zuwa 2024, ya sauko da adadin ƙasa zuwa 110. An samu sauƙi, amma duk wanda ya taɓa raka gawar da ake runguma a tabarma ba tare da makara ba ya san 110 ba ƙaramin abu ba ne. Tsakanin 252 da 30 akwai dalilai, kuma da yawansu suna cikin gidajen da ku kuka fito.

To, mai taɓe baki, bismilla. Ka ce, “Wa zai buga rubutun ɗalibi? Ai mujalla ta furofesoshi ce.” In Bagobiri ne kai, ka toshe kunne, don abin da zan faɗa zai yi maka ciwo. Ɗaliban likita na Jami'ar Ibadan suna da mujallarsu mai suna DOKITA tun 1960, shekarar da aka sauke tutar Ingila. Su ke tace ta, su ke buga ta. Yarbawan da kake kira bayinka sun yi shekara sittin da ɗoriya suna buga binciken ɗalibai, kai kuwa kana nan kana shafa tsagenka. Akwai kuma International Journal of Medical Students, wadda daga sunanta ka san don wa aka yi ta. A fannin shari'a ma abin juyewa ya yi. A Amurka ɗalibai ne editocin manyan mujallun shari'a, furofesa ne ke aiko da rubutu yana jiran hukuncin yaran da yake koyarwa. Harvard Law Review tun 1887 haka take, kuma Barack Obama ya shugabance ta a 1990 yana ɗalibi. A Jami'ar Loyola da ke Shikago akwai Children's Legal Rights Journal, kacokan a kan haƙƙin yara, ɗalibai ke riƙe da ita. Ka kwatanta ranar da malamin da ya ba ka sifili a gwaji zai kawo maka maƙala ka ce masa, “Yallaɓai, a je a gyara shafi na bakwai.” Na ga ka yi murmushi. Ashe kana da haƙora.

Ba ma sai ka tsallaka teku ba. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasa tana da Nigerian Journal of Paediatrics. A Sakkwato ake fitar da Annals of African Medicine da Sahel Medical Journal. Cibiyar haƙƙin ɗan Adam ta Jami'ar Pretoria tana fitar da African Human Rights Law Journal tun 2001, kuma kyauta ake karanta ta a intanet. Waɗannan ba na ɗalibai zalla ba ne, amma ba a tambayarka takardar shaidar furfura. A mujallu da dama ma cire sunan marubuci ake yi kafin a miƙa wa masu tantancewa, ba su san ko kai shehin malami ba ne ko ɗan aji uku mai bashin mai kanti.

Na ji wani daga Samaru yana ɗaga murya. Bazazzagi dai ba ya shiga magana a hankali. “Ai ko na rubuta, malamina ne zai ɗora sunansa a gaba.” Kai, wannan karon Bazazzagi ya yi gaskiya, a rubuta ranar. Abin yana faruwa, kuma ba yau ya fara ba. A 1921 a Toronto, wani ɗalibi ɗan shekara 22, Charles Best, shi ya yi ta fama da karnukan gwaji tare da Frederick Banting har aka samo insulin. A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai ciwon sukari allurar, ya tashi daga bakin kabari. Da aka zo ba da kyautar Nobel a 1923, Banting aka ba da shugaban ɗakin binciken, Macleod, aka tsallake ɗalibin. Banting ya fusata ya raba kuɗinsa biyu ya ba Best rabi. Ban yi maka alkawarin malaminka zai raba komai da kai ba, ko goro. Abin yi shi ne tun kafin a fara aiki ka same shi cikin ladabi, ka rusuna, ka ce, “Ranka ya daɗe, in Allah Ya sa aka buga, yaya za a jera sunayen?” Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙa'idar mujallun likitanci ita ce wanda ya yi aikin kuma ya rubuta shi ne marubuci, ba wanda ya ba da aron kujera ba. Kuma in an yi adalci, kana bukatar malamin nan, don shi ya san inda ramukan hanya suke.

Yanzu ga babbar hujjar malalata, wadda na fi jin daɗin warwarewa: “Ai Turawa sun riga sun binciko komai.”

Ka san kalmar kwashiyoko? Duk littafin likitanci na duniya da ita yake kiran cutar tamowa mai kumbura ƙafa da sauya launin gashi. Ba Turanci ba ce, ba Latinanci ba. Harshen Ga ne na mutanen Ankara ta ƙasar Gana. Wata likita 'yar Jamaika, Cicely Williams, tana aiki a can zamanin mulkin mallaka, ta ga yara suna mutuwa da wata cuta da manyan likitocin Ingila suka dage cewa sun riga sun san ta, wata tsohuwar cuta ce mai wani suna. Ita kuwa sai ta yi abin da ba a saba ba, ta tambayi matan gari me suke kiran abin. Suka ce kwashiyoko, ciwon da ke kama yaron da aka ture daga nono saboda ƙani ya taho. Ta bayyana cutar a rubuce a 1933, ta sa mata wannan suna a mujallar Lancet a 1935. Cikin kalma ɗaya matan Ga sun faɗi cutar, sun faɗi sanadinta. To kai da kake cewa an gama bincike, kakarka ba ta da kalmar kwanika? Ba ta san abin da ke samun yaron da uwarsa ta yi ciki tana goyo ba? Ta sani sarai, tun kafin a haifi malamin malaminka. Abin da ya raba ta da Cicely Williams shi ne ɗaya ta rubuta ta aika.

Mu da muke da kalmar wabi fa? Mace ta haihu ya koma, ta haihu ya koma, har a kai ga sa wa na gaba suna Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba ko mutuwa ta kau da kai. Al'ummar da ta ƙirƙiro irin waɗannan sunaye ta daɗe tana nazarin mutuwar yara, da hawaye ta yi nata nazarin. Wane ɗalibin likita ne ya zauna da matan da ake kira masu wabi ya bi tarihin haihuwarsu ɗaya bayan ɗaya, ya duba ko amosanin jini ne a gidan, ko rashin jituwar jinin uwa da na jariri, ko tazarar haihuwa, ko rijiyar da ake sha? Ga gudawar da ake ɗora wa haƙori a ƙi zuwa asibiti. Ga dakashi da wasu ke matsewa su zubar, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Ga cire beli a hannun wanzami ranar suna. Ga shawara da ake jira ta washe da kanta. Kowane ɗaya maƙala ce, kuma ɗan sashen Hausa da ya tattara sunayen cututtukan yara a karin harshen Katsina da na Haɗeja da na Damagaram, ya nuna wanne ake kai wa asibiti, wanne ake kai wa mai magani, ya yi wa likitoci aikin da ba za su iya yi wa kansu ba.

Ke kuma 'yar'uwa da kika yi shiru a gefe kina gyara mayafi, ke kika fi kowa jari. Gidan da aka rubuta “ba shiga” a ƙofarsa, furofesa daga Landan sai dai ya tsaya a zaure a aiko masa da ruwa a moɗa. Ɗan ajinku mai yawan surutu ma nan zai tsaya. Ke kuwa sallama ɗaya za ki yi ki wuce har ƙuryar ɗakin mai jego, ki zauna bakin gado, a gaya miki abin da ba a gaya wa mai gida ba: wa ke yanke shawarar kai yaro asibiti, wa ke riƙe da kuɗin mota, me uwar miji ta ce. Manyan ƙungiyoyi suna kashe miliyoyi don su ji abin da ke kike ji a banza ranar suna.

In kuna ganin baƙi ba su gane darajar abin da kuke takawa ba, ku duba. David Morley, likitan yara daga Ingila, a ƙauyen Imesi-Ile na ƙasar Yarbawa ya zauna a ƙarshen shekarun 1950 yana auna nauyin yara wata-wata, daga nan katin awon jarirai ya samo asali, irin wanda Inna ke adanawa a ƙasan adaka. Hannah Hoechner, Bajamushiya, ta zo Kano ta koyi Hausa, ta zauna da almajirai, har suka shirya fim tare mai suna Duniya Juyi Juyi, sannan ta fitar da littafi a kansu a maɗaba'ar Jami'ar Kambirij a 2018. Ta yi aiki mai kyau, ba na hassada. To amma kai da almajiri ke wanke maka kaya tun kana firamare, kai da ƙila ma ka yi allo a tsangaya, da ka tashi rubuta furojet a kan almajirci sai ka kwafo ta. Ita ta zo daga Jamus ta tambayi yaron da ke ƙofar gidanku, kai kuma ka biya kuɗin data ka tambaye ta.

Allah gafarta Malam, na ga tun ɗazu kana jan carbi da ƙarfi, na san akwai magana. Malam ya ce, “Yaro, rai da ajali na Allah ne. Kuma wannan haƙƙin yara da kuke ta yayatawa, ajandar Turawa ce.” Malam, a gafarce ni, ban isa in ja da kai a kan ajali ba. Sai dai na lura ranar da jikanka ya yi zazzaɓi da tsakar dare, ba carbi kaɗai ka ɗauka ba, har da makullin babur. Kuma ga maƙwabtanmu na Nijar, Musulmi ne kamarmu, Hausa ɗaya muke ji da Maraɗi da Damagaram, sun ma fi mu talauci. A 1998 yara 226 cikin 1,000 ke mutuwa a can kafin shekara biyar, zuwa 2009 adadin ya sauko 128. Abin da suka yi ba ɓoyayye ba ne: ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar tun daga 2006, rabon gidan sauro, da kula da masu tamowa. Ta yaya muka sani? An rubuta an buga a Lancet a 2012, kuma cikin marubutan akwai Oumarou Habi na hukumar ƙididdiga ta Nijar. Da sun bar wa gara, da har yau muna cewa ba ta yiwuwa.

Batun ajanda kuwa, Malam, zarginka yana da tushe, ba zan yi maka dariya a nan ba. Mutanen Kano ba su manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Shi ya sa, ku ɗalibai, duk mai son ya yi wa yaro ko uwarsa tambaya don bincike, sai ya fara samun izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ko na ma'aikatar lafiya, ya nemi yardar iyaye da harshen da suke ji, ya ɓoye sunayensu. Mujallar kirki ba ta ko duba rubutun da ba shi da wannan izini. Kada ka gama aiki sannan ka je neman a rubuta maka takarda da kwanan watan baya. Na san ka yi tunanin hakan, na ga idonka.

Amma Malam, ai mu ma muna da ta cewa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, Amurka uwar Turawan har yau ba ta tabbatar da ita ba, ka ga ajandar ta bar masu ita a baya. Afirka ta yi tata a 1990, kuma a cikinta akwai sashe na 31 da ya ɗora wa yaro nauyin girmama iyaye da manya da taimakon iyali, abin da na tabbata zai yi maka daɗi. Najeriya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, jihohin Arewa da yawa suka ƙi karɓarta yadda take, musamman saboda sashe na 21 da ya hana aure kafin shekara 18. Kaduna ta yi tata a 2018, Kano sai a watan Mayun 2023, kusan shekara ashirin bayan ta tarayya. Me aka cire, me aka ƙara, me malamai suka ce a zaman sauraron ra'ayi? Sashe na 30 na dokar tarayya ya hana sa yaro bara da talla, to yaya wannan zai zauna da tsarin tsangaya da tallar da ke haɗa wa yarinya kayan ɗaki? Fiƙihunmu cike yake da babin shayarwa da ciyarwa da renon yaro bayan rabuwar aure. Ɗalibin shari'a da ya iya Larabci ya iya Turanci, ya ɗora dokar Kano kusa da Risala da Mukhtasar ya nuna inda suka haɗu da inda suka rabu, editocin Pretoria za su karanta shi da buɗaɗɗen ido, don ba su da mai yi musu wannan. In ma sukar dokar kake son yi, Malam, soke ta, amma da hujja da lambar shafi. Wa'azin bakin kasuwa iska ke kwashe shi kafin la'asar.

“Ba mu da kuɗi, ba mu da kayan aiki.” Wannan daga bakin wanda ya ƙarar da data jiya a kan kallon ƙwallon Sifen. Alƙaluman binciken MICS, wanda hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da UNICEF a 2021, kyauta ake saukewa bayan ka yi rajista ka faɗi abin da za ka yi da su. Dubban gidaje ne, jiha-jiha, an riga an sha maka ranar. Kwamfutar aro da abokin da ya iya lissafi sun ishe ka ka tambayi, misali, me ya bambanta yaran da aka yi wa rajistar haihuwa da waɗanda ba a yi wa ba a jiharku. Ba kuma dole sai dogon bincike ba. Mujallu suna karɓar wasiƙa zuwa ga edita, kalma ɗari huɗu ko biyar, suna karɓar gajeren sharhi a kan manufa, suna karɓar rahoton majiyyaci guda in lamarinsa baƙo ne. Annobar mashaƙo da ta fi tsanani a Kano a 2023, ɗaliban da suka yi aikin koyo a asibitoci lokacin sun ga abin da ya isa wasiƙa goma. Karatu kuwa, rumbun AJOL ya tara ɗaruruwan mujallun Afirka wuri guda, rumbun DOAJ kuma yana nuna maka waɗanda ba sa karɓar ko kwabo daga marubuci. Manyan mujallu na waje kan nemi dubban daloli, gaskiya ne, amma da yawansu suna yafewa ko su rage wa marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi in an roƙa tun wajen aikawa. Roƙo dai ba baƙonmu ba ne, kun saba yi wa Baba.

Sai dai a yi hattara da 'yan damfara. Da zarar sunanka ya fito sau ɗaya, imel zai fara sallama: “Ya mai girma Furofesa Dakta,” kai da ko sakamakon zangon farko ba ka gani ba. Za su ce a turo dala ɗari, a buga cikin kwana uku. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya ƙirƙiri maƙalar bogi cike da kurakuran da ɗan sakandare zai gano, wai wani sinadarin gansakuka yana maganin ciwon daji, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Abin da ya fi ba ni haushi, sunayen marubutan da cibiyoyin da ya ƙaga duk ya yi su ne da kamannin na Afirka. Mujallar da ta karɓi rubutunka ba ta ce ka gyara ko waƙafi ba, gara ce ita ma, sai dai wannan garar da kuɗi ake ciyar da ita.

Ta gaskiyar kuwa za ta wahalar da kai. Rubutuna na farko da na aika wata mujalla, wata huɗu shiru, sannan ya dawo da sharhin mutum biyu. Na farko ya ce akwai alamar alheri. Na biyu, wanda har yau nake sa shi a addu'a ba ta alheri ba, ya rubuta shafi uku, ya ce jadawalina na biyu bai san inda ya dosa ba, ni ma haka. Na yi kwana biyu ba na amsa sallama. A rana ta uku na sake karantawa na ga mutumin nan, Allah Ya isa, gaskiya ya faɗa. Wannan shafi uku ya koya mini abin da shekara huɗu ba ta koya mini ba, kuma ko shayi ban saya masa ba.

Saura kai na can ƙarshe, mai hamma, da ka ce, “To in an buga, sai me? Gwamna zai karanta?” Ba zai karanta ba. Yawancin maƙalu ba sa motsa ko kujerar kansila, kada in yi maka ƙarya. Amma lokaci-lokaci ɗaya takan faɗo a hannun da ya dace. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira da ke Bangaon a Indiya, ruwan ƙarin da ake sawa ta jijiya ya ƙare. Wani likitan yara, Dilip Mahalanabis, ya sa aka dama gishiri da sukari a durom, 'yan'uwan majiyyata suna ba su da kofi. Mutuwa ta sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Ya rubuta, aka buga a 1973. Daga irin wannan rubutu ne UNICEF a zamanin James Grant ta ɗauki abin ta yaɗa a duniya daga 1982, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe shi da hannu biyu da ya zama ministan lafiya a 1985, har ruwan gishiri da sukari ya shiga rediyo ya shiga ɗakin Inna. Kai mai hamma, akwai yiwuwar da shi aka tsayar da gudawar da ta so tafiya da kai kana wata tara. Ka tambayi Inna in ka koma gida, in dai ta huce da zancen akuyarta.

Shekaranjiya da safe na sayi ƙosai a bakin titi, aka naɗe mini a takarda. Ina ci ina dubawa, sai na ga shafi na 47 ne na furojet ɗin wani, jadawali a kan shayar da nono zalla a wata ƙaramar hukuma da mai ya shafe sunanta. Aikin kuwa da tsabta, tambayoyin da hankali, har na koma na ce wa mai ƙosan ko akwai shafi na 48. Ta ce wani mai babur ya tafi da shi da ƙosan ɗari biyu. In naka ne, shafin yana wurina, na goge man na adana, ka zo da shaida ka karɓa. Ƙosan dai na cinye.